Ranar da Bakan Gizo Ya Rina Nama

Da can mai gyaran wuta ake ce masa, kuma babu wanda ya raina shi. Shekara goma sha tara yana yawo da tsani a kafaɗa, yana canza ƙwan da ya mutu, yana ɗaure wayar da ɓera ya ci. A haka ya yi aure, ya tara 'ya'ya huɗu. Matarsa ce mai girkin wani ɗakin taro, kuma ita ta yi ta yi wa manaja naci har ya ɗauki mijin aiki, ya miƙa masa makullin sito cike da fitilu masu launi da wani allo mai maɓallai arba'in. Shi ke nan, tsako ya samu, ya ƙi dangi.

Ya sayi baƙar riga mai aljihu tara. Ka ce masa, "Malam, a kunna fitila," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ni yanayi nake haɗawa." Masu jera kujeru suka raɗa masa Bakan Gizo, shi kuwa gogan ya ɗauka kirari ne.

A faɗi gaskiya, ya iya wani abu. Ɗakin taron nan tsohon sito ne, bangonsa duk tsaga, rufinsa kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Sai ya sakaya bangon da labule, ya harba haske daga gindin ginshiƙai, ya bar rufin cikin duhu, wuri ya koma kamar gidan mai hali. Cutarsa ɗaya: ba ya gwada fitila sai ɗaki babu kowa. Da sassafe zai kori masu shara, ya ja labulaye, ya tsaya yana sha'awar launi a kan fararen ƙyallayen tebur da faranti wayam. Wai mutane suna ɓata masa haske.

Rannan aka kama ɗakin don walimar ban kwana da shugaban wani kamfanin ruwa, abincin rana, baƙi ɗari uku. Da Bakan Gizo ya ji kalmar ruwa, sai kansa ya ɗau zafi. Ya ce zai kai su ƙarƙashin teku, shi da ko rafi bai taɓa tsallakewa ba. Shuɗi daga sama, kore daga gefe, ga wata fitila mai juyi tana zana igiyar ruwa a bango. A kan farin faranti, abin ya yi kyau har ya share ƙwalla.

Baƙi suka shigo, kowa ya koma kamar wanda aka tsamo daga rijiya bayan kwana uku. Mata suka riƙa leƙa madubi suna ƙara hoda. Sannan aka kawo abinci. Naman da matarsa ta soya tun asuba, ja-jawur, ya koma toka-toka da kore a gefe. Shinkafa ta yi shuɗi, man miya ya yi baƙi ƙirin.

Wata tsohuwa, yayar shugaban, ta yafito mai rabon abinci. "'Yar nan, zo. Naman nan yaushe ya rasu?"

"Yau aka yanka, Iya."

"To, ya daɗe yana jinya."

Hanci yana cewa a ci, ido yana cewa a gudu. Aka riƙa ture faranti. Wani mai tumbi da ya riga ya kai loma uku ya dafe ciki ya fara nishi. Wayoyi suka fito, ana ɗaukar hoto. Bakan Gizo yana can saman dandamali gaban allonsa, ya ji cokula sun yi tsit, ya gyaɗa kai: yanayi ya kama mutane. Har ya ƙara koren.

Matar ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Shekara ashirin tana ciyar da taro, ko kai bai taɓa sara wa wani ba, kuma wannan kyakkyawan suna shi ne duk abin da ta mallaka.

"Baban yara, kashe abin nan."

"Ana tsakiyar jawabi? Ba a taɓa yanayi, uwar yara. Ke dai tukunya kika sani."

"Tukunyar ce ta saya maka rigar nan."

Ta ɗauki faranti, ta ratsa tsakanin tebura, ta fizge labulen da ya rufe taga. Rana ta faɗo ciki, nama ya dawo nama, tsagar bango ta fito fili, tekun Bakan Gizo ya ƙafe nan take. Amma rabin baƙi sun riga sun kai bakin ƙofa, hotuna kuma sun riga su fita. Kafin mako ya zagayo, masu taro biyu sun aiko cewa za su zo da mai girkinsu.

A ofishin manaja, Bakan Gizo ya yi bayanin launi na minti ashirin. Matar ta jira ya gama.

"Ranka ya daɗe, a gida mijina ne, ruwan wankansa ma ni ke kai masa. Amma inda zan sauke tukunya, ba zai kunna ko ashana ba. Ka zaɓa."

Manaja bai ko sosa ƙeya ba. Ba a taɓa jin wanda ya koma gida yana sakin gyatsar haske ba.

Aka karɓe makullin sito, aka ba shi filin ajiye motoci. Yana can har yau da rigarsa mai aljihu tara. Ya bi fitilun filin ya liƙa musu shunayyar leda, don haka da duhu ya fara shiga, duk motoci launinsu ɗaya ne. Za ka ga manya suna zagaye da makulli a hannu, kowa yana jan ƙofar motar wani, shi kuma yana tsaye ya harɗe hannu, yana jiran a gode masa.