Sati Bakwai Muna Jiƙa Rawaya

Ni ce na hana a kai Yaya asibiti. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don duk abin da ya biyo baya a kansa yake tsaye.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shugabar makarantar firamare ce har ta yi ritaya, kuma a Kurmin Mashi an san ta da abu biyu: jan biro da ƙin ƙarya. Yaro zai fasa gilashin taga ta yafe masa, amma in ya kuskura ya ce ba shi ba ne, to ranar sai uwarsa ta zo makaranta. Ni kaina, da furfurata da komai, in zan ba ta labari sai na tace shi tukuna.

Wata Asabar na taso daga Unguwar Sarki don in gaishe ta. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Da ta ɗago kai sai na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Babbar 'yarta, wadda ke aure a Kawo, tana gefe tana wanke mata kwanuka.

"Anti, kin gani ko?" in ji 'yar. "Ran Litinin zan kai Umma asibiti."

Na ce, "Asibitin me? Shawara ce fa. Yaushe aka fara kai mai shawara asibiti? So kike su danna mata allura?"

"Anti, gwaji kawai za a yi."

"Da gwaji ake farawa, da allura ake gamawa. Ke yaushe aka haife ki?"

Ni mai digiri ce, shekara ashirin da 'yan kai ina aikin gwamnati, fayil ba ya wuce teburina sai na karanta shi har bango. Amma a wannan magana ba digirina ne ya yi aiki ba. Akwai ɗan'uwanmu namiji tsakanina da Yaya. Ina shekara bakwai idonsa ya yi irin wannan launi, aka kai shi ɗakin shan magani aka yi masa allura, bayan kwana biyu ya rasu. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah tana cewa allurar ce ta kashe shi. Haka kowa ke faɗa a unguwarmu: shawara da allura ba sa haɗuwa. Na tashi da wannan a raina ban taɓa tambayar kowa gaskiyarsa ba.

Na yi ta faɗa har maƙwabciya ta leƙo. Sai Yaya ta ajiye tiren shinkafar. Ta ce, "Ku daina min ihu a ka. A yi na Auta tukuna, in bai yi ba a yi naki." Auta take ce min tun ina yarinya.

Washegari na shiga mota har Katabu, wajen wani tsoho da aka ce maganin shawara gadonsa ne. Ya ba ni saiwar rawaya da wasu sassaƙe a leda, ya ce a jiƙa ta riƙa sha safe da yamma, kuma a hana ta mai da nama. Na dawo ina jin kaina kamar wadda ta ceto rai.

Sati bakwai muka yi a haka. Fitsarinta ya yi duhu kamar shayin da ba madara, na ce ciwon ne yake fita. Ƙaiƙayi ya kama ta, tana susa da totuwar masara har fatar ƙafarta ta yi jini, na ce ai dama haka yake yi in zai tafi. Ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta, na ce wanda aka hana mai da nama dole ya rame. Kowace alama ta zo ina da amsarta a baki. Na koma Katabu sau uku, a na ukun har da ƙarin kanwa.

Ran nan ina ofis da hantsi waya ta shigo. 'Yar ce. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Umma ta faɗi a banɗaki. Muna asibiti. An riga an sa mata ƙarin ruwa, in kina da faɗa ki zo ki yi." Ta kashe.

Na isa na tarar da allura a bayan hannun Yaya, ruwa yana ɗiga. Na tsaya ina kallon ɗigon nan, ina jiran abin da na yi shekara arba'in ina tsoro. Ba abin da ya faru. Da yamma ma har ta nemi kunu.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka sake tura mu wani hoton da ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura. Bayan kwana biyar likita ya zo zagaye, yana ta kewaye-kewaye, yana cewa zai so ya ga iyali a ofis. Yaya ta ce, "Ɗana, jikina ne. Faɗa min sunansa." Ya dube mu, ya dube ta, ya ce ciwon daji ne.

Ya ba mu ranar Alhamis mu zo ya yi mana bayani. Yaya ba ta iya doguwar tafiya, don haka ta sa aka yago mata takarda daga littafin rubutu, ta ɗauki jan bironta ta jera tambayoyi biyar, kowace da lambarta. Ta miƙo min. "Ki rubuto amsa a ƙarƙashin kowace. Ban da ƙari, ban da ragi. Zan duba."

Ranar Alhamis muka zauna a benci a ƙofar ofishin likita, ni da 'yar, da tazarar mutum biyu a tsakaninmu. Tun ranar da ta kira ni ba ta sake haɗa ido da ni ba. Layi ba ya motsi. Na karanta takardar ya fi sau goma. Akwai tambayar da ba ta ciki, wadda ta hana ni cin abinci tun ranar da aka faɗi sunan ciwon. Na san in na shiga bakina ba zai iya furta ta ba. Sai na ciro fensir daga jaka na rubuta ta a can ƙasa, ƙanana-ƙanana, na sa mata lamba shida.

Likitan matashi ne, idonsa duk gajiya. Na miƙa masa takardar, ya yi ɗan murmushi da ya ga jan biro.

Ta farko: a ina ciwon yake? Ya jawo takarda ya zana tumbi, ya zana wata tsoka doguwa kwance a bayansa. Ya ce su a asibiti fankiriyas suke ce mata, ita ke taimakawa wajen narka abinci da daidaita sukarin jini. Ƙari ne ya fito a kanta, ya danne hanyar da ruwan maɗaciya ke bi, ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini. Shi ne ya rina mata ido, shi ne ƙaiƙayin.

"Ke nan ba shawara ba ce?" na tambaya.

"Hajiya, shawara alama ce, ba ita ce ciwon ba. Abubuwa da yawa suna kawo ta."

Ta biyu: ana ɗauka? Ya ce a'a, ku ci a kwano ɗaya, jikoki su hau gadonta. Ta uku: 'ya'yana za su gada? Ya tambaya ko an taɓa samun irinsa a dangi, muka ce ba mu sani ba. Ya ce yawanci ba gado ba ne, amma duk wanda ya ga idonsa ya sauya ko yana ramewa ba dalili, kada ya zauna a gida. Na sunkuyar da kai ina rubutu, ina jin idon 'yar a wuyana.

Ta huɗu: za a iya yanke shi? Ya ajiye biro. Ya ce akan yi aiki in ƙarin yana wuri ɗaya. Na Yaya ya riga ya taɓa hanta. Abin da za su iya shi ne su sa ɗan bututu su buɗe hanyar da ta toshe, ƙaiƙayin ya lafa, ta samu ta ci abinci, kuma su tsare mata zafi. Maganin daji na ƙarin ruwa kuwa sai an ga ƙarfin jikinta.

Ta biyar Yaya ta rubuta ta a gajarce: saura nawa? Ya ce rai a hannun Allah yake, kuma ba faɗar baki ba ce, ya ga waɗanda suka ba shi mamaki. Amma in ta nemi ganinsa, to a yi lissafi da watanni, kada a yi da shekaru. 'Yar ta toshe baki da mayafi.

Sai idonsa ya sauka ƙasan takardar. Ya matso da ita kusa da fuska saboda fensirin ya dushe. Na so in fizge ta. Ya karanta a fili: "Da an kawo ta sati bakwai da suka wuce, da an iya aikin?"

Fanka tana juyawa a sama. Na ji 'yar ta daina kuka, ita ma tana jira.

Ya ce, "Hajiya, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce. Ni na hana a kawo ta."

Ya ajiye takardar a kan tebur. Sannan ya ce, "Ba zan ce miki e ba, kuma ba zan ce miki a'a ba. Wannan ciwo yakan daɗe a ɓoye, da yawa kafin ido ya sauya ya riga ya yi nisa. Amma akwai waɗanda sauyin idon ne ke kawo su da wuri har a yi aiki. Ba mu da hotonta na wancan lokaci. Ban sani ba."

Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na karɓi takardar na fito. A baranda na lashi yatsa na goge lamba shida, fensirin ya dame ya yi baƙi, amma rubutun yana nan ana ganinsa.

Yaya tana jingine da filo biyu. Ta miƙo hannu na ba ta. Ta sa tabarau ta bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi. A ta biyar ta tsaya, ta ce, "Alhamdulillahi ala kulli halin." Sannan ta gangara ƙasa. Ta karkata takardar wajen taga.

"Ita wannan ba a rubuta amsarta ba."

Na hau gyara mata bargo.

"Auta, da ke nake."

"Ya ce bai sani ba."

Ta cire tabarau. Ta dubi 'yarta da ke tsaye a bakin gado, ta dube ni. "To ni na sani. Ku zauna, ku duka biyu."

Muka zauna.

"Tun kafin Sallar bara bayana ke ciwo, abinci ba ya min daɗi. Na ɓoye muku ne don ba na son hayaniyarku. Rigar atamfata shuɗiya ta Sallah, sau biyu na kai wa tela ya rage ta. Shekara guda ina ɗauke da abin nan kafin ido ya nuna. Sati bakwai ɗinki ba su ƙara komai ba, ba su rage komai ba. In akwai mai laifi ni ce." Ta juya ga 'yar. "Ke kuma ki gaishe da ƙanwar uwarki. Ina kallonki tun ran nan."

'Yar ta ce, "Anti, ina wuni," muryarta tana karyewa. Na kifa kaina a gefen gadon na yi kukan da ban yi ba tun mutuwar mahaifiyarmu. Na yarda da maganar nan take. Yaya ce fa ta faɗa.

An sa bututun, ƙaiƙayin ya tafi, idonta ya ɗan washe. Ranar da aka sallame ta ta ce a yi mata miyar kuka da man shanu da nama, ta ci loma huɗu tana hararata. "Sati bakwai kin hana ni mai, Allah ya isa," in ji ta, muka yi dariya har da 'yar. Ta yi wata biyu da kwanaki a ɗakinta, jikoki suna hawa gadon. Ta rasu wata Talata bayan azahar, hannunta a cikin nawa.

Bayan an share makoki muka taru a ɗakinta don fitar da kayan sawarta. 'Yar ce ke ciro su daga akwati tana jerawa a kan gado. Da shuɗiyar atamfar ta fito na miƙa hannu.

Ta riƙe ta ba ta saki ba. "Anti, ki bar wannan. Ga leshin nan, ya fi kyau."

"Ita nake so."

"Don Allah, Anti. Ki ɗauki leshin."

Yadda ta faɗa ne ya sa na gane akwai abin da take ɓoyewa. Na ja rigar a hankali har ta saki, ta kau da kai.

Ban buɗe ta a can ba. Sai da na koma Unguwar Sarki, na rufe ƙofar ɗaki, na zauna a bakin taga inda haske yake. Har lokacin tana ƙamshin turaren Yaya. Na juya ta ciki ya koma waje. Duk macen da ta taɓa kai riga ragi ta san yadda abin yake: sabon layin zare a gefen tsohon, da yadin da aka naɗe ciki. Na bi gefen dama da yatsa tun daga hammata har ƙasa. Na bi na hagu. Na sake bi.

Ɗinki ɗaya ne. Ba wanda ya taɓa rage rigar nan.