Mainassara Abarci, Manomin da Ya Sa Malfar Makiyaya

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Mainassara Abarci a garin Kornaka ta ƙasar Dakoro, cikin damanar shekara ta 1957. Mahaifinsa Abarci manomi ne na gero da gyaɗa, sunan mahaifiyarsa kuwa Hafsatu. Gonarsu tana bakin burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki, wadda makiyaya suke bi su hau arewa da farkon damana, su gangaro kudu bayan girbi. Saboda haka tun yana ƙarami ya ga yadda manomi da makiyayi suke gaisawa da rani, su dawo suna hararar juna da kaka.

Karatu da Ƙuruciya

A shekara ta 1964 aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a Kornaka, inda ya fi shahara da kwaikwayon tafiyar mushe, wato malamin ajinsu, a kan iya lissafi, har ya fito a 1970 ba tare da takardar shaida ba. Farin 1973 ya tashi gidansu zuwa Dakoro, a can ne ya shiga ƙungiyar matasa ta Samariya, ya zama gwanin rawa wanda makaɗa suke gajiya kafin shi ya gaji. A kasuwar dabbobi ta garin ya haɗu da Samba, wani saurayi Bafulatani mai kiwon shanu, mai bakin ba'a irin nasa. Abotar da suka ƙulla a lokacin ta kai su har tsufa.

Aure da Iyali

Ya auri Rabi'atu a shekara ta 1981, Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida, biyu suka rasu da ƙuruciya. Ita ce daga baya ta riƙa ɗinka masa kayan wasan kwaikwayo, tana ɗinki tana mita cewa ta auri magidanci ya zama abin kallo, amma ba a taɓa yin wasa a Dakoro ba a ganta a sahun gaba ba.

Kafa Ƙungiyar Musanya

Bayan farin 1984, ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, aka fara cin burtali taki ɗaya, taki biyu, rigima ta yawaita. A 1986 Mainassara da Samba suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo mai suna Musanya, bisa ƙa'ida guda: ba wanda zai fito a matsayin irin mutanensa. Mainassara manomi shi yake sa malfa ya saɓa sanda, Samba makiyayi shi yake ɗaukar hauya yana kukan an cinye masa wake. Sukan buɗe da rawa a ranar kasuwa har mutane su taru, sa'annan su shiga wasa; da zarar an ɗaga sanda za a kai duka, sai kalangu ya tsaya cak, a juya ga 'yan kallo a ce su yanke hukunci. Ta haka mutanen da ba sa zama inuwa ɗaya suka yi dariya tare a Kornaka da Adjekoria da Bader Goula, kuma a 1994 dattawan ɓangarorin biyu suka kafa turaku a kan iyakar burtalin da ya ratsa ta gefen gonar mahaifinsa. Mainassara bai taɓa alfahari da wani abu kamar waɗannan turaku ba.

Abin da Ya Faru a 2003

A watan Nuwamba na 2003, kafin a saki gonaki ga dabbobi, shanu suka shiga wata gona a wani ƙauye da ke kan hanyar Dakoro, samari suka fita neman mai su. Da la'asar ɗin ranar Mainassara yana dawowa a ƙasa daga wasa, bai tuɓe kayansa ba, malfa a ka, sanda a kafaɗa. Suka auka masa ta baya, ba tambaya, suka karya masa ƙugu da ƙafar dama. Sai da malfar ta faɗi suka gane ko wane ne.

Kwana uku bayan haka iyayen samarin suka same shi a gadon asibiti suna neman gafara, babbansu ya ce, “Wallahi Baba Mainassara, yaran ba su san kai ne ba.” Waɗanda suke wurin sun shaida cewa ya amsa: “Wagga magana ta hi sandar ciwo. To da ba ni ne ba hwa? Da Samba ne sunka samu, wa za shi zo ya ba shi haƙuri?” Ya ƙi faɗa wa jandarma sunan kowa, ya yafe dukan, amma kalmar nan ba ta bar zuciyarsa ba har ya koma ga Allah, domin ta nuna masa cewa shekara goma sha bakwai mutane suna yi wa malfa dariya a dandali, a daji kuwa suna nan yadda suke.

Shekarun Ƙarshe

Bai ƙara taka rawa ba. Ya yi ƙoƙarin koyar da matasa yana zaune, amma babu manomin da ya yarda ya sake sa malfa, ƙungiyar ta watse a 2006. Samba ya koma bin shanunsa, sai dai duk shekara idan zai hau arewa yakan biyo burtalin, ya yada zango kusa da Dakoro, su kwana biyu suna tsokanar juna. Rabi'atu ta rasu a 2015, daga nan jikinsa ya yi sanyi ƙwarai. Duk wanda ya zo daga Kornaka, tambayarsa ta farko ita ce ko turakun suna nan, mutane kuwa don tausayi sukan ce suna nan.

Rasuwa da Jana'iza

A watan Yuni na 2022 ciwo ya kwantar da shi. Aka kira Samba a waya yana kudu da garkensa, daga shi sai matarsa, babu wanda zai bar wa shanun. Ya ce, “Ku ce mishi ya jira ni, tahiyar kwana ukku ce.” Mainassara ya sa aka juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa, ya yi kwana biyar yana jira. Ya rasu ranar Juma'a da hantsi yana da shekara sittin da biyar, aka yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, aka binne shi a maƙabartar Dakoro.

Samba ya iso ranar Litinin. A hanya ya tarar an tuge turakun an shuka burtalin da gero, bai yarda ya tura shanu cikin shuka ba, sai ya yi zagayen da ya ci masa kwana takwas. Ya zauna bakin kabarin ya yi kuka a gaban jama'a, abin da ba a saba gani ga dattijon Bafulatani ba.

Allah ya jiƙan Malam Mainassara, ya sa ya huta. Ya bar 'ya'ya huɗu: Aisata, tana aure a Maraɗi, Ɗayyabu, mushe ne a Bader Goula, Kadija, wadda ta yi jinyarsa, sai Yazidu, manomi a Kornaka, wanda gonarsa tana cikin waɗanda aka shuka a kan burtalin.