Ma'aunin da Na Yanka Kafin Azahar

A shekarun da auduga ke tashe a Funtua, ni makanike ne a wani gidan gurza. Injin yana da zartuna masu zagaye da ke juyawa tsakanin haƙarƙarin ƙarfe, su fizge auduga su bar angurya. Tazarar da ke tsakanin zarto da haƙarƙari ba a kintatarta da ido. Akwai ɗan ma'auni kamar harshen wuƙa da ake zurawa kowace safiya. In ya shige, lafiya. In ya cije, a kwance a gyara.

Namu ya ɓace ana tsakiyar kaka. Ogammu, wani dattijon Bayarabe haifaffen Malumfashi, ya miƙo mini tsohon magagari.

"Malam, daga wannan za ka yanka. Ka ƙona shi ya yi laushi, ka fitar da awo, ka tsoma a mai, ka sake ɗumama shi. Ƙarfen awo ba a son mai cinyewa."

Aikin kwana biyu ke nan, ni kuwa wutar ciki gare ni. Na ɗauki guntun ƙarfen da ake ƙera ƙofa da shi, na gama kafin azahar, na goge shi yana sheƙi, na ja bakina na yi shiru. Kullum na zura shi sai ya ɗan goge. Cikin 'yan makonni ya sirance, yana shigewa inda ya kamata ya cije.

Wata hantsi zarto ya daki haƙarƙari. Ƙarar kaɗai ta kayar da ni ƙasa. Haƙoran zarto suka tarwatse, tartsatsi ya kama auduga. Mai kula da injin, wani Kirista mutumin Kafur da muke cin ɗumame kwano ɗaya, yana durƙushe riƙe da fuska, jini na bin yatsunsa yana rina auduga.

Da aka kashe wutar, Oga ya zaro ma'aunin daga aljihuna, ya goga masa magagari sau ɗaya. Magagarin ya ci shi kamar sabulu. Oga ya juyo kaina. Naushin farko ya cire mini haƙori, na biyu ya haɗa ni da bango. Ban ɗaga hannu ba, don na san hakkina ne.

Na je asibiti duba abokina, an naɗe masa gurbin ido. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Kada ka damu, ɗan'uwa. Ai da idona na ga ka auna da safe."

Har ya koma Kafur noma ban gaya masa gaskiya ba.