Malam Sada, Wanda Ya Hana A Rufe Ajin Kimiyya

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Malam Sada Jibril ya riga ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu ta sakandare da ke ƙasar Mai'adua. Ya share, ya wanke kwalabe, ya goge tebura. Aikin da aka ɗauke shi ke nan, mai kula da ɗaki, ba malamin aji ba. Ni Hausa nake koyarwa a can, kuma abin da zan faɗa a gabana ya faru.

Wata shekara aka yi wa malaminmu na fizis da kemistiri canjin wurin aiki, ba a turo wani ba. Shugaban makaranta ya tara mu ya ce babu makawa sai a rufe ajin kimiyya. Yaran da suka ci burin zama likitoci da injiniyoyi suka ga burinsu zai wargaje.

Malam Sada ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zango ɗaya. In ban iya ba, a rufe."

Ya ji cewa wasu jami'o'in duniya suna sa bidiyon laccocinsu a intanet kyauta. Duk Asabar sai ya hau babur zuwa Daura, inda sabis ya fi ƙarfi, ya sauke su a waya. Shi bai taɓa zama a ajin jami'a ba, don haka sai ya fara kallo shi kaɗai, da ƙamus a gefe, yana maimaitawa har ya gane. Sannan ya kunna wa yara a tsohuwar talabijin mai aiki da sola, yana tsayarwa yana bayani da Hausa. Abin da ya shige masa duhu kuwa, sai ya ce, "Wannan ban gane ba tukuna, ku ba ni mako."

Wata rana Alhaji Maharazu, wani mai fataucin shanu, ya shigo a fusace zai cire 'yarsa Hadiyya.

"An ce mini kallon fim kuke yi da 'ya'yan mutane!"

"Alhaji, bismilla, ga kujera. Ka gani da idonka, sai ka yanke hukunci."

Darasin ranar a kan yadda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin ƙasa ne. Alhaji, wanda ya sha haƙa rijiya a gonarsa ba ya tarar da ruwa, ya zauna yana kallo har aka gama. Da zai fita ya ce, "Malam, ashe dutsen ma iri-iri ne?" Ya tafi ya bar 'yarsa. Yau Hadiyya tana jami'a, ilimin ƙasa da duwatsu take karanta.

Ba duk yaran ne suka ci jarrabawa ba, kuma shi da kansa yake fara faɗin haka. Amma ba a rufe ajin ba.

Malam Sada, kai ne ka koma ɗalibi da furfura don 'ya'yan wasu su samu. Babu wanda ya ƙara maka matsayi, ba ka kuma nema ba. Mun ga yadda kake matso da waya kusa da fuskarka, ka ce mana ba komai, har likita ya tabbatar idanun sun yi rauni.

A watan jiya ya yi ritaya. A wajen bankwana aka tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ya ce, "Har yanzu ba a turo malami ba. Wa zai karɓa?" Can sai Malama Rauda, mai koyar da lissafi, ta ce, "Baba, ni zan karɓa, amma sai ka zauna kusa da ni."

Ya ce, "Ido ne ya gaji, 'yata. Kunne yana nan."

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Mu kuma da muke da sauran gani, akwai aji irin wannan a kusa da kowannenmu. A je a tambaya ko da taimakon da za mu iya yi.