Farfesan Da Ba Namu Ba

Ku sababbin direbobi, cikin shekarun da na yi ina tuƙa motar majami'armu ta Sabon Gari, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce Asabar ɗin da muka ƙaddamar da gidauniyar gyaran rufi. Lokacin wayar salula ta shigo ke nan, irinmu ba mu riƙe ba tukuna.

Majami'ar tsohuwa ce, ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka gina ta tun zamanin Turawa. Gara ta cinye katakon rufin, kwano ya zama rariya, magina kuma sun ce in damina ta sake dukan bangon a haka, sai dai labari. Ga wanda bai sani ba, a taron gidauniya babban mai ƙaddamarwa ne ke fara buɗe hannu, jama'a su bi sahu. In bai zo ba, taro ya mutu. Namu wani Farfesa Yohanna ne a Samaru, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Sakataren ikilisiya, Dattijo Bulus, ya kwatanta mini layin gidansa, ya ce dogo ne, zan same shi a ƙofa.

Ina shiga layin na hangi dogon mutum cikin babbar riga, yana duban agogo. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne na gidauniya?" Ya ce, "Ni ne. Kun makara." To ku gaya mini, ina laifina? Ya shiga baya, ya duƙufa kan gyaran jawabinsa, har muka wuce Hanwa bai ɗaga kai ba.

Muna shiga harabar, zumuntar mata suka kewaye mota da kiɗa da guɗa. Sai na ji murya daga baya: "Malam direba, nan kuma ina ne?" Dattijo Bulus ya buɗe masa ƙofa da fara'a, nan take fara'ar ta gudu. Ashe Farfesa Sani na ɗauko, maƙwabcin namu, wanda ke jiran motar wata Islamiyya a Hanwa, su ma ranar suke tasu gidauniyar. Dattijo ya raɗa mini, "Ishaya, ka kashe mu."

Farfesa ya fito, ya ƙare wa ginin kallo, sai ya fashe da dariya. Ya nemi a ba shi lasifika. Ya ce, "Jama'a, ba ni kuka gayyata ba. Amma a firamaren bayan nan na yi karatu, a barandar nan muke fakewa in ruwa ya tare mu. Tunda kuma an yi mini guɗa, kunya ba za ta bar ni in tafi haka ba. Kwanon rufin nan kaf, a kaina."

Kai! Wuri ya kaure. Wani ɗan kasuwar katako ya yi tsalle ya ce katako nasa ne. Tsofaffi suka shiga kwance bakin zani. Ni kaina ban san lokacin da na faɗa cikin rawa ba, makullin mota a hannu.

Na kwasa da Farfesa Sani a guje zuwa Hanwa. Wa muka tarar a babban tebur, cikin malamai? Farfesa Yohanna! Direban Islamiyyar ya yi masa irin tambayata, ya ɗauke shi, har Farfesan ya riga ya yi musu alkawarin siminti. Maƙwabtan biyu suka tafa, suna dariya har da hawaye. Da na kawo namu ya ji abin da maƙwabcinsa ya yi, ya ce ba za a fi shi a gidansu ba, ya ɗauki silin da fenti.

Darasin aikin shi ne, ku tambayi sunan babban mutum kafin ku buɗe masa ƙofa, don ba kullum ake dace ba. Ni dai ban tambaya ba, kuma ƙarƙashin kwanon Farfesa Sani aka ɗaura auren 'yata a watan Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai taɓa amarya ba.