Taga a Buɗe Saboda Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na zo duniya ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" nake, ranar da take cikin nishaɗi kuma "yaron nan". Ko zazzaɓi nake, sai dai ta turo ƙanwata ta leƙa ni.

Bara da kaka muna girbin dawa a gonarmu ta Fagam, na kai wa kara sara, adda ta goce ta samu ƙafata. Jini kuwa, da an tara shi da ya shayar da fadamar albasa. Baba ya tafi cin kasuwa, dole Inna ta rako ni Birnin Kudu a bayan akori-kura. Tun daga Fagam nake kururuwa, ita kuwa tana kallon bishiyoyi kamar an aiko ta gaishe su.

A ɗakin masu rauni wata nas ta tare mu.

"Mama, yaya sunansa?"

Inna ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Nas ta sake tambaya. Inna ta ƙara sunkuyar da kai. Ni na faɗi sunana da ihu, har da na kakana.

"Ɗan fari ne kai?" in ji nas.

Na ce e.

Inna ta fita ta zauna a benci gindin taga, ta ba mu baya. Ina ji wata mata tana gaya mata wai irin wannan sara yanke ƙafar ake yi. Inna ta damƙe bakin mayafinta. Tambaya kuwa, ko za ta mutu ba za ta yi ba.

Nas ta dube ta, ta tura tagar ta buɗe gaba ɗaya, sannan ta ɗaga murya.

"Kai sarkin ihu, saurara! Ƙashi lafiya lau. Ɗinki zan yi maka, babu mai yanke maka ƙafa. Kafin sati uku kana tsalle."

"Sista, ai ni ba kurma ba ne."

"Rufe mini baki, da kai nake?"

Duk allurar da ta soka sai ta sanar, har ta ce, "To, an gama, jini ya tsaya."

Inna ta daɗe tana goge fuska da mayafi. Can ta juya ga matar nan ta ce, "Ki ce wa ma'aikaciyar nan Allah ya yi mata albarka. Shi kuma wancan ya rage ihu, yana tara mana jama'a."