Ƙusar da Na Buga wa Ƙwaryar Inna

Shekarar da aka sami mulkin kai ina sabon malamin makaranta a Bodinga, da farin wando da alƙalami a aljihu, ina jin duk ƙasar Sakkwato babu wayayye kamata. Sai aka aiko cewa za a yi nunin kayan sana'ar hannu a birni, kowace makaranta ta kawo abin da ƙasarta ke alfahari da shi. Nan take ƙwaryar Inna ta faɗo mini a rai.

Inna mahaifiyata ce, tana zaune a Lambara ta ƙasar Shagari, kuma gwanar zanen ƙwarya ce. Takan sa wuƙa a garwashi har ta yi ja, ta riƙe ƙwarya a cinya tana juyawa, hayaƙi na tashi da ƙauri mai daɗi. Ba ta taɓa awo ba, amma layinta sai ya zagayo ya sadu da inda ya fara. Matan Fulani daga rugage suke zuwa su zauna jiran nasu. Akwai ƙwarya guda ɗaya da ba ta sayarwa, wadda ta zana tana amarya. A ciki ta riƙa dama wa mahaifina fura har ya rasu, bayansa kuma ita ke sha a ciki. Nono da hannu sun mai da ita ja, tana sheƙi.

Da na roƙa, sai ta ce, "Ƙwarya tagari tana ragaya, ɗan nan. Mi za ta yi birni?"

Na yi ta zuba mata bayanin ci gaba har ta gaji. Ta naɗe ta a tsohon zane ta ce, "Ka maido min ita awa yadda ka ɗauke ta."

A zauren nunin na tarar an rataye zane-zanen 'yan makaranta a bango, su ƙore da fayafai kuwa an zube su a ƙasa kan tabarma. Abin ya ba ni haushi. Aikin uwata a ƙasa, ana tsallake shi? Na ari guduma, na kifa ƙwaryar a bango, na buga mata ƙusa a tsakiya. Ko tsagewa ba ta yi ba, har ina yaba wa kaina. Kwana uku mutane na tsayawa gabanta, manya da rawunansu suna nunawa da baki. Aka ba ni takardar yabo.

Na kai wa Inna takardar da ƙwaryar. Takardar ko kallo ba ta ishe ta ba. Ta ɗaga ƙwaryar sama, rana ta leƙo ta hujin ƙusar. Ta ɗebo ruwa a randa ta zuba, muna kallo yana tsiyaya a kan ƙafarta.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni ne, Inna. Don a gani."

"To, an gani," in ji ta.

Ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce a kai wa gyartai ya toshe, ta ƙi. Daga ranar a kwano ta riƙa shan fura, har Allah ya karɓi abinsa.

Ni na gaji ƙwaryar. Tana bangon ɗakina yanzu, a kan ƙusa, don ba ta da wani amfani sai wannan. Kowane baƙo sai ya yaba.